Littafin Alhaji Musiliu

Ranar da Sumayyah ta fara ganin Abdulƙahhar, saura kaɗan su yi faɗa. Shagonsa ta shiga a Kasuwar Sabon Gari, inda yake tura wa mutane fina-finai a waya, samari kuma suna can ƙurya suna buga gem ɗin ƙwallo.

Babanta ne ya aiko ta, Alhaji Musiliu mai atamfa a Kantin Kwari. Akwai wani tsohon littafin Hausa da yake so tun yana firamare a Fagge, labarin ma'aikacin jirgin ƙasa da ya tafi ya bar matarsa shekara ashirin. Yanzu ido ya yi rauni, karatu ya gagara, sai ya ji an mayar da littafin fim.

"Kin iya zaɓe," in ji saurayin yana jona wayarta. "Fim ɗin ma ya fi littafin."

"Ka karanta littafin?"

Ya sosa ƙeya. "Ban karanta ba, amma na tabbata."

"Ka ji mutum. Abin da ba ka taɓa buɗewa ba kake yanke wa hukunci?"

Ya yi dariya, haushi ya kama ta, musamman da ta ga dariyar ta yi masa kyau. Ta bar masa lambarta, wai don ya sanar da ita in kashi na biyu ya fito. Wai dai.

Da yamma saƙo ya shigo: "Malamata, na amsa laifina. Amma fim ɗin ya yi."

Ta mayar: "Baba ya kashe shi tun kafin ya ƙare. A littafi matar ba ta buɗe wa mijin ƙofa ba da ya dawo, su kuma sun sa ta buɗe tana kuka. Ka daina magana, mai gardama."

Daga nan aka ɗora. Wata huɗu suna musu a kan shirin talabijin, a kan gem, a kan komai, har Sumayyah ta gane ranar da ba su yi musu ba abinci ba ya yi mata daɗi. Sonsa take yi, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba.

Alhaji Musiliu kuwa ya ce sam. "Mai gidan gem? Mutumin da sana'arsa wasa ce zan ba 'yata?" Shi Abdulmalik yake so mata, ɗan amininsa mai shagon leshi.

Abdulmalik ya zo gaisuwa da shirinsa. "Baba, sau uku na karanta littafin nan naka. Wurin da ta buɗe masa ƙofa, har hawaye na yi."

Alhaji ya dube shi. "A wane shafi?"

Maganar Abdulmalik ta mutu a nan, amma ta Abdulƙahhar ba ta tashi ba. "Wancan maƙaryaci, wannan ɗan wasa," in ji tsohon.

Ana cikin haka Abdulƙahhar ya ari littafin a hannunta, sai ya yi ɗif. Mako biyu ba kira, saƙo ma sai gajere. Tsoro ya shige ta, ta rubuta: "In ka haƙura da ni ka faɗa mini, ba zan mutu ba. Ka kuma dawo da littafin Baba, shi ke nan gare shi."

Amsa ta zo nan take: "Zumata, ban haƙura ba, muryata ce ta dishe. Ki nema mini izinin gaida Baba gobe bayan la'asar."

Ya zo ya durƙusa, ya ajiye littafin da wata 'yar rediyo mai memori. Ashe kullum da safe rufe shago yake yi, ya sallami masu gem saboda hayaniya, ya karanta littafin da muryarsa yana naɗa, daga bango zuwa bango.

Kwana uku Alhaji bai rabu da rediyon ba, har kanti yake zuwa da ita. A na huɗu ya sa aka kira shi. Sumayyah na bayan labule da mahaifiyarta, Alhaja Fausat.

"Yanzu ka karanta. Wanne ya fi, littafin ko fim ɗin?" in ji Alhaji.

A ranta Sumayyah tana roƙon Allah ya sa Abdulƙahhar ya ce littafin kawai ya tsaya a nan.

"Baba, littafin ya fi a ko'ina, ban da ƙarshe. Ya kamata matar nan ta buɗe ƙofa."

Sumayyah ta dafe kai.

"Shekara ashirin ba aike, ba wasiƙa?" Muryar Alhaji ta tashi. "Ka san abin da mace take gani a shekara ashirin?"

"Laifinsa babba ne, Baba. Amma ya dawo da ƙafarsa, ya tsufa, ba shi da kowa. Ni tausayinsa na ji."

"To in kai ne ka tafi ka bar 'yata, sai ta buɗe maka?"

"Ni ba zan tafi ba, Baba, balle a kai ga maganar ƙofa."

Alhaji ya juya rediyon a hannunsa, ya sake juyawa.

"Ba ka yi daidai ba, kuma ba ka da niyyar yi. Amma ba ka yi mini ƙarya don in so ka ba. Ka turo magabatanka."

Sumayyah ta faɗa jikin Alhaja tana kukan daɗi.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a Fagge. An ci amala, an ci tuwo, gwaggwaron dangin amarya ya cika layi. Da za a tafi da ita, Alhaji ya kama hannunta ya sa a na Abdulƙahhar. Mutumin da duk Kwari an san ba a kayar da shi a magana, ranar sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ita kaɗai ce mace a 'ya'yana," ya ce. "Ka riƙe mini ita da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Gidan duka ya amsa da amin.