Harafin Amarya a Kan Akwati

Honorine mai zana haruffa a kan akwatuna ta riƙe buroshi ta kasa farawa, ita da ba ta taɓa ɗiga fenti a inda bai dace ba.

Akwatin na gabanta, ƙaton gaske, ƙusoshin tagulla sai walƙiya suke. Duk Paris babu shagon da ya kai na Madam Gaudry iya haɗa akwatin tafiya, kuma wannan Célestin ne ya haɗa shi da hannunsa. Célestin, masoyin Honorine.

"Me kike jira, 'yar nan?" in ji Madam. "C na ango Célestin, B na Berthe. Jirgin ruwansu ba zai tsaya jiranki ba."

Berthe, 'yar ƙanwar Madam, tana gefe tana gyara safar hannu. "Ki yi mini nawa da girma, Honorine. An ce ke ce gwana... a fenti dai."

Honorine ta juya ga Madam.

"Madam, kin san ƙa'idar gidan nan. Fentin nan in ya kama ba ya goguwa. Ba a sa harafi sai mai akwati ya faɗa da bakinsa."

"Au, ni za ki koya wa ƙa'idar gidana? Ku kira shi."

Célestin ya shigo da garin katako a gashinsa, idonsa a ƙasa.

To ku ji, Madam ce ta tsince shi maraya, ta ciyar da shi, ta koya masa sana'a. Yanzu za ta buɗe masa shago a Buenos Aires, da sharaɗin ya tafi da Berthe. Bashin alheri ya fi na kuɗi nauyi, don shi ba a sanin ranar da aka gama biya.

"Célestin," Honorine ta ce a hankali. "Dube ni."

Bai ɗago ba.

"Norine... don Allah kar ki sa ni."

"Faɗa mini harafin kawai, masoyi. In ka faɗa, wallahi zan zana shi da kyan da ba a taɓa gani ba, in koma gida in mutu."

"Ji fitsara," in ji Berthe. "Inna, kina jinta?"

"Yi magana, yaro," Madam ta ce. "Ko cin abincina ne kawai ka iya?"



Honorine ta jira har hawaye ya sauko mata a haɓa. Sai ta tsoma buroshi a jan fenti. Ta zana C. Kusa da shi ta ja layi biyu a tsaye, ta haɗa su da ɗaya a tsakiya.

H.

Har masu buga guduma a cikin shagon suka dakata.

"Kin kashe ni!" Madam ta dafe ƙirji. "Akwatin da ya ci rabin shekara!"

"Tunda ka kasa zaɓa, na zaɓa maka," Honorine ta ce. "Yanzu ko ka sake akwati, ko ka sake amarya."

"Kwashe tsummokaranki ki bar mini shago. Kai kuma in ka bi ta, ka manta ka taɓa sanina."

Célestin ya daɗe yana kallon jan harafin. Sannan ya durƙusa, ya sumbaci hannun Madam.

"Inna, akwatin nan zan biya ki, ko zan tsufa ina biya. Rainon da kika yi mini kuwa ba ni da abin biyansa. Amma ba zan biya da ita ba."

Madam ta fizge hannunta, ta juya masa baya. Ba ta sake yi masa magana ba har ta koma ga Allah, amma ko sau ɗaya ba ta mayar da kuɗin akwatin da ya riƙa aiko mata ba. Ni ma da ni ce, ba zan mayar ba.

Célestin ya miƙe, ya kama mariƙin akwatin ɗaya.

"Norine tawa, kama wancan. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar wannan."

Honorine ta share fuska da bayan hannu, jan fenti ya shafe mata kumatu.

"Matsoraci," ta ce. "Ɗaga a hankali, bai bushe ba."