Amfilifayar Sila

Tun da Sila ya bi makaɗa zuwa Jega da tsohuwar amfilifayar jitarsa, wato akwatin ƙara sauti, mahaifinsa Isaiah yake kwana shi kaɗai a Maiyama, kunnensa na ƙofa.

Wani dare an ɗauke wuta, aka yi sallama. Wani dogon baƙo ne, ya dire akwatin Sila a gaban Isaiah.

"Malam, ina yaron nawa?"

Baƙon ya nuna masa akwatin. Isaiah ya dafa akwatin ya ji ɗumi. Fitilun ciki masu kama da kwalabe sun yi jawur, alhali wayar wutar tana nannaɗe. Sai gurnanin nan mai ratsa ƙirji ya taso, wanda ya sha hana Sila kaɗawa da dare.

Daga cikinsa muryar Sila ta ce, "Baba, yau dai bar ni in ƙarasa kiɗan."