Bappa Hammawa da Kaset na Uku

Turai tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, amma kunnenta yana zaure, inda mahaifinta Malam Abdulsalami yake magana da ƙaninsa, Bappa Hammawa. Maganar tata ce. Lukumanu, ɗan Karaye, ya turo magabatansa garinsu Turai, Beli, neman aurenta, ita kuwa tana sonsa, son da ko kajin gidan sun sani.

Matsalar ɗaya ce, sana'arsa. Da ya gama sakandare ya buɗe gidan bidiyo a Rogo, da ɗan janareto da benci takwas. Da yake 'yan kallo ba sa jin Turanci, shi yake tsayawa gefen talabijin yana fassara musu. To, sai aka kawo wa Malam labari wai yaron yana nuna finafinan da ake ƙera mutum da ƙarfe, a hau jirgi a shiga cikin taurari ana ja da ikon Allah. Wanda ya kawo labarin bai taɓa leƙa wurin ba, amma har da rantsuwa. Kun dai san irinsu.

"Hammawa, ka je ka gani da idonka," in ji Malam. "In gaskiya ne, ba zan ba shi 'yata ba."

Bappa makiyayi ne a wajen Jajaye, Lukumanu bai taɓa ganinsa ba, don haka shi ya dace da binciken. Ranar kasuwa ya tafi da malafarsa da sandarsa. A danginsu kuwa, in aka aiki mutum binciken aure ya dawo ya yi shiru, an gama sanin amsa: ba alheri, nauyin faɗa kawai yake ji. Bappa ya dawo, ya wuce ta ƙofar gidan bai ko yi sallama ba. Kasuwa ta zagayo, ya sake zuwa, ya sake wucewa.

Turai ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mahaifiyarta Tasalla tana ba ta baki, ita ma tana share nata a ɓoye. Da Lukumanu ya zo gaida Malam, Turai ta samu ta tsaya da shi a ƙofar gida, ta gaya masa halin da ake ciki, ta tambaye shi ko zai canza layi ya kama tireda.

"In kin ce in sayar, gobe bidiyon da janareton za su bar hannuna," in ji shi. "Amma wallahi Turai, ban taɓa nuna abin da zan ji kunyar Malam ya gani ba."

Ta ce kada ya sayar da komai, su jira.

Kasuwa ta uku Malam ya gaji da shirun. Ya hau kekensa ya nufi Rogo don ya sallami yaron da bakinsa. Yana ɗaga labulen buhu na gidan bidiyon, wa zai gani a bencin gaba, malafa a cinya, baki buɗe? Bappa Hammawa.

"Yaya, zauna, zauna," ya ce, ko juyowa sosai bai yi ba. "Yau ne na ƙarshe."

Lukumanu ya ga Malam, amma ya daure ya ci gaba da fassara. Labarin wasu mutane ne da suka lalata ƙasarsu har ruwan sama ya ɗauke, suka shiga jirgi neman wata duniyar. Shugabansu ya ƙera mutumin ƙarfe mai raba musu ruwa, ya buga ƙirji ya ce daga yau ba su da bukatar roƙon kowa. Yanzu ga shi ruwa ya ƙare, shugaban ya durƙusa gaban abin da ya ƙera yana roƙo.

"Jama'a ku duba," in ji Lukumanu. "Ƙarfen nan ya iya raba ruwa, bai iya kawo ɗigo ɗaya ba. Mai shi ya kai taurari, amma ya manta Wanda ya rataye su."

Malam ya gyara zama. Wata tsohuwa a jirgin, wadda tun farko take rage rabonta tana ba marasa lafiya, ta ɗaga hannu sama tana addu'a. Jirgin ya sauka, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Daidai nan aka kira la'asar. Lukumanu ya danna maɓalli, talabijin ta yi ɗif, ya ce a tafi masallaci kamar kullum. Wanda ya fi kowa gunaguni Bappa ne.

A hanyar masallaci Malam ya ritsa shi, ya ce sati biyu yarinya tana kuka, me ya hana shi magana? Bappa ya ce fim ɗin kaset uku ne, ɗaya kowace kasuwa. Ranar farko, da shugaban ya yi wannan fahariyar, saura kaɗan ya fasa talabijin da sanda. Amma ya ga bai kamata ya kashe auren 'yarsa a kan guntun labari ba.

"Ka ce dai kallon ya yi maka daɗi," in ji Malam.

Bappa bai musa ba. Bayan salla kuma Malam da kansa ya koma ya ga saukar ruwan.

Da yamma ya shigo gida ya jingine keke, ya ce wa Tasalla a aika Karaye su zo a sa rana. Tasalla ta rangaɗa guɗa, Turai ta ruga ɗaki tana dariya da hawaye tare. Bayan kaka aka ɗaura aure, Bappa ne waliyyi.

Yara, ku riƙe wannan: kada ku yanke wa mutum hukunci da jin baki, kada kuma ku yanke da rabin gani. Da Bappa ya yi magana tun ranar farko, da Turai ta rasa mijin kirki, ba kuma da laifinsa ba.