Amarya Ba Turare

"Wace irin amarya ce wannan? Ko ƙamshi babu, sai ka ce asibiti!" in ji Inna, tana shinshina labulen falo.

Injiniya, sunan da surukar tata ta laƙa mata ke nan, ta durƙusa ta ajiye mata shayi.

"Inna, aikinmu ne. Madubi muke haɗawa da za a ɗora wa tauraron ɗan'adam. Can ƙololuwar sama akwai wata shimfiɗar iska, ayonosfiya, tana fitar da hasken da ido ba ya gani, kuma ba ya isowa ƙasa. Shi za mu auna. Tururin turare kaɗan ya sauka a madubin, rana ta gasa shi, shi ke nan ya dushe."

"To, madubi kika aura ko ɗana?"

Dogo, mijin Injiniya, ya ƙyalƙyale da dariya. "Ni dai ban kai ƙara ba, Inna."

"Rufe min baki! An shanye ka."

Ranar da za a ɗaura madubin, aikin da aka zaɓe ta ta yi da hannunta, Injiniya ta buɗe wadirof, ƙamshi ya doke ta. Inna ta feshe kayan kaf, har da mayafai, wai gyara take yi. Injiniya ta yi wanka ta sake, ta ari rigar Dogo, amma abin ya kama gashinta.

A ƙofar ɗakin gwaji ta tsaya, rigar kariya a hannu. In ta rufe jiki ruf, wa zai sani? Ta leƙa ta gilashi ta hangi madubin, guminsu na shekara da shekaru.

"Farfesa — ba zan shiga ba. Akwai turare a jikina."

Farfesa, shugabar aikin, ta kalle ta. "To. Wani zai ɗaura."

Ta riƙe kukan har gida. Dogo ya miƙe a fusace. "Wallahi yau sai na gaya mata!"

Ta riƙo hannunsa. "Kada ka soma! Mahaifiyarka ce. Don kai ta yi, so take ka ji daɗin gidanka."

"Ke kuma fa?"

"Madubin dai ya tsira."

Ashe Inna na bakin ƙofa. Duk ta ji. Washegari suka tarar da ita a tsakar gida, ta jiƙa kayan duka tana cuɗawa da farin sabulu, tana mita. "Ai sai a yi wa mutum bayani da Hausa! Wa ya san abin har ya kai haka?"

"Inna, ki bari na—"

"Tafi, 'yar nan, kada ki makara."

Da tauraron ya fara aiko da bayanai, Farfesa ta kira Injiniya. "Wadda ba ta ɓoye min ƙamshi ba, ba za ta ɓoye min kuskuren lissafi ba. Ke za ki jagoranci awon."

Ta kawo hoton farko gida: zobba biyu na haske sun yi wa duniya ɗamara. Inna ta juya shi sama, ta juya ƙasa, sannan ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta.

"Ke, 'yata ce ta auno sama!"

Dogo ya kalli matarsa, suka yi murmushi. Da ta rama da zafi, da ta rasa uwa. Da ta yi shiru a ƙofar ɗakin gwaji, da ta rasa amana. Haƙuri da gaskiya ba sa barin mai su hannu rabbana.