Motar Vernon Mai Ƙamshin Soyayyen Kifi

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto Lorna Haugen cewa an sace motar-gidan Vernon Dahlquist. Kafin ta ajiye wayar, rabin garinmu ya ji labari.

Duk wanda ya girma a wannan yanki na Minnesota ya san motar, mai ɗaki da kicin a ciki, ƙirar 1994. Ya kuma san mai ita, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran motocin makaranta ba a taɓa jan guda ɗaya da igiya ba. Mun sha yi masa dariya, amma da baƙo za mu yi faɗa idan ya taya mu.

Sufeto ta same shi tsaye a inda motar take kwana. Matarsa Arlys tana zaune a baranda da robar iska a hanci.

"Yaushe kuka gan ta a karo na ƙarshe?"

"Ƙarfe bakwai, da zan kai Arlys asibiti," in ji Vernon. "Jibi za mu kama hanyar Arizona, inda babu sanyi. Likita ya ce huhunta ba zai ɗauki sanyin bana ba, kuma ba mu da wani gida a can sai wannan motar."

"Wa ya san inda makulli yake?"

"Dangi kawai. Amma ki kwantar da hankalinki, 'yata, ba za ta wuce mil ashirin ba."

"Da ita kuka yi shawara?"

Vernon ya gyara hula. Tun daga nan Arlys ta lumshe ido, don ta san karatu ya zo.

Ya ce man da ake soya kifi da shi a coci ranar Juma'a yake karɓa, ya tace, ya dafa ya koma dizal. Kullum kashi ɗaya yake zubawa cikin kashi huɗu na dizal ɗin gidan mai. Tiyon roba na asali kuwa tuni ya sauya su, don man yana cin tsohuwar roba.

"Amma kafin doguwar tafiya, rabi da rabi nake haɗawa," ya ce. "Yana wanke tanki tas, ya kwaso dattin shekara ya kai wa filta mai tace man, ta toshe. Sai na sauya filta sau biyu kafin ta saki jiki. Jiya na zuba, ban sauya ko ɗaya ba."

Sufeto ta buɗe taswira, ta zagaye mil ashirin da biro.

Maƙwabcinsu Duane Pekarek yana sharar ganye a ƙofar gida. Shekara goma yana kai ƙarar hayaƙin motar.

"Ban ga komai ba, ranki ya daɗe. Ina ciki ina kallon talabijin."

"Wannan tulin ganyen fa? Ba aikin minti goma ba ne."

Duane ya sosa ƙeya. "To, gani dai ban gani ba, ina bayan gida. Hancina ne ya ji. Wajen bakwai da rabi unguwa ta ɗauki ƙamshin kifi, sai ya bi hanyar tafki."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Na ɗauka Allah ne ya karɓi addu'ata."

Shagon kayan gyara ɗaya ne a hanyar tafki. Mai shagon, Bev Okerlund, ba ta jira an gama tambayar ba.

"Filtar tsohon inji? Mutum ɗaya ke saye a garin nan, Vernon. Yau kuwa ƙarfe tara sai ga Curtis Lindahl, mai sayar da motocin hannu, mijin 'yar ƙanwar Arlys. Guda ɗaya ya saya. Na ce masa kawunka bibbiyu yake ɗauka, ya ce in ji da shagona."

Sufeto ta biya ta ɗauki Vernon, ta ce ya zo da kayan aikinsa da sabuwar filta.

Sun tarar da Curtis a filin motocinsa yana wanke hannu a famfo. Sabulu ya kusa ƙarewa.

"Kawu, yanzu nake jin mummunan labari," ya ce. "Wallahi raina ya ɓaci."

"Filtar da ka saya ta mece ce?" in ji Sufeto.

"Ta tarakta."

"Nuna mini taraktar."

"Tana gonar wani abokina."

Sufeto ta leƙa bayan a-kori-kurarsa. Tsohuwar filta tana kwance cikin tsumma, baƙi ƙirin da datti. Ta ɗaga ta, ta shinshina, ta miƙa wa Vernon. Ya juya gindinta, inda aka rubuta kwanan wata da jan fenti.

"Rubutuna ne," ya ce. "Sha huɗu ga Afrilu."

"Taraktar abokinka ma cocin take zuwa cin kifi?" Sufeto ta tambayi Curtis.

Curtis ya zauna a bakin famfo. Ya ce wani mutum a jihar Dakota ne yake neman irin wannan injin, wanda babu kwamfuta a cikinsa, ya kuma yi tayi mai tsoka. Niyyarsa ya cire injin, ya ce ɓarayi ne. A mil sha shida ta mutu. Ya sauya filta, ta yi mil uku, ta sake mutuwa a bayan tsohon rumbun hatsi.

"Na ɗauka inshora za ta biya ku, Kawu."

"Inshora ce za ta yi wa Arlys numfashi a watan Janairu?"

Sufeto ta sa wa Curtis ankwa, ta zaunar da shi a kujerar baya, suka nufi rumbun tare.

Motar tana nan a karkace cikin ciyawa. Vernon ya shimfiɗa kwali, ya kwanta a ƙarƙashinta da shekarunsa saba'in da huɗu, sifana a hannu. Minti tara ya yi yana sauya filta. Ya fito, ya hau, ya murza makulli sau ɗaya, injin ya ɗauka. Sufeto Haugen, wadda ba a cika ganin haƙoranta ba, ta yi murmushi. Ni ma da aka ba ni labari sai da na ji kaina ya yi girma.

Vernon ya leƙo ta taga, ya dubi Curtis a bayan gilashin motar 'yan sanda.

"Shekara goma sha biyu kana cin abinci a teburina, ina wannan bayanin kana danna waya," ya ce. "Da ka saurara sau ɗaya, da yanzu kana Dakota."

Sufeto ta ja motarta zuwa ofis da Curtis. Vernon ya juya tasa zuwa gida, inda Arlys ta riga ta sa an fito da akwatuna baranda.