Amaryar da Ba a Jin Addu'arta

Gidan su mai walda gidan ƙara ne. Da rana guduma a shago, da safe addu'a a falo. In Mama ta ɗaga hannu ta kira sunan Yesu, har kofunan kan tebur sai sun amsa. Auta, ƙanwar mai walda, na tafa hannu, shi kuma yana buga ƙafa. Baba kuwa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye, daga ɗaki yake jin su.

Amaryar mai walda ce bare. A gidan da ta tashi durƙusawa ake yi, a rufe ido, a yi magana da Ubangiji a zuci. Shirun nan ma shi ya ja mai walda gare ta. Ya ce wuni yake cikin kukan ƙarfe, in ya zauna kusa da ita kunnensa kan huta.

Ran nan ana tsakiyar addu'a Mama ta tsaya cak.

“Ke! Addu'a kike ko gyangyaɗi?”

“Addu'a nake, Mama.”

“Da wane baki? Muna yaƙi saboda mutumin da ke kwance, ke kin tsuke baki kamar an ɗinke!”

Auta ta kwashe da dariya. “Mama, ƙyale Anti, a silent take kamar waya — ko vibration babu!”

Amarya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwarta.

Daga nan abu ya ɓaci. Mama ta ƙudura cewa sanyin Amarya ne ya hana Baba tashi. Ta kira ɗanta ta ce, “Ɗanyen itace guda shi ke hana murhu ci. Ko ta buɗe baki, ko ta koma gidan ubanta.”

A ɗaki mai walda ya roƙi Amarya. “Please, ki ɗaga murya ko kaɗan. Ki fitar da ni kunya.”

“Ka manta abin da ka ce ka gani a wurina?”

Ya kau da kai. “Ban manta ba. Amma uwata ce.”

Washegari ta gwada. Murya ta fito tana rawa, kalmomi suka gudu. Ta ji kamar wasan kwaikwayo take a gaban Allah. Auta ta toshe baki. Mama ta ce, “Ka gani? Babu wuta!” Mijinta kuma bai ce uffan ba. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Ta haɗa jakarta. Amma kafin ta fita ta yi abin da ta saba kullum, wanda ba wanda ya sa ta. Ta kai ruwan ɗumi da tawul ɗakin Baba, ta goge masa fuska, ta riƙe mataccen hannun, ta rufe ido. Da ta gama ta ce, “Baba, zan tafi gida.”

Tsohon ya ɗauki kofi da lafiyayyen hannunsa, ya dinga buga ƙarfen gado har kowa ya shigo a guje.

Magana da ƙyar take fito masa. “Wa... ya kore ta?”

Mama ta ce, “Baban yara, don lafiyarka ne—”

“Saurara. Ran da na faɗi a banɗaki, muryarki ce ta tara maƙwabta. Da ke mai shiru ce, da can na mutu. Kowace safiya in na ji ki, sai in san ina raye.” Ya numfasa. “Amma in kun gama, sai kaina ya koma kamar shagon ɗanki. Sai yarinyar nan ta zo ta riƙe ni, ta yi tata, in samu barci. Ke ki tashe ni da taki, ita ta kwantar da ni da tata. To, wacce za ki cire mini?”

Mama ta zauna bakin gado, ta ja gefen zane ta share ido. Can ta ce, “'Yata, zo nan.”

Mai walda ya ɗauke jakar, ya tsaya gaban matarsa kai a ƙasa. “Inda ya kamata in yi magana, nan na yi shiru. Ki yafe mini.”

Washegari bayan waƙa da tafi Mama ta ce, “Yanzu kowa ya durƙusa, mu yi irin ta Amarya.”

“Mama a silent? Wallahi yau akwai labari!” in ji Auta.

Ba a jima ba “Amin!” ya kuɓuce wa Mama da ƙarfi. Kowa ya fashe da dariya, har Baba daga ɗaki.

Yara, ku ji. Allahn da ya yi tsawa shi ya yi raɓa, gona kuma tana son duka biyun. Gidan Kristi ba a gina shi da murya ɗaya ba. Wanda ya raina baiwar ɗan'uwansa, Mai bayarwar ya raina. Amarya ta yi haƙuri, haƙurin kuwa bai ba ta kunya ba.