Mai Hure Fitila a Ƙasan Rijiya

Yasar rijiya gadonmu ce, ni Dabo da yayana Lukuman. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yana da ƙa'idoji da ba ya wasa da su. Kafin mutum ya shiga rijiya, sai an zura fitilar ƙwai a kunne har ƙasa. Yakan ce sallama ce ga masu wurin: in sun bar ta da wuta sun yi maka izini, in sun hure ta sai ka naɗe igiyarka ka tafi gida. Igiyar ƙugu kuma a baya yake ƙulla ta, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

Bayan rasuwarsa zamani ya kawo mana tocila mai caji, irin wadda ake ɗaurawa a goshi. Ga haske tar, ba ruwanta da kananzir, kuma ba ta mutuwa. Muka rataye fitilar tsoho a ƙusa, gizo-gizo ya samu gida.

A ƙarshen bazarar bara Malama Anastasia ta kira mu. Malamar firamare ce 'yar kudancin Kaduna, tana zaune a Sabon Birni. Rijiyar gidan da take haya tsohuwa ce mai zurfi, laka ta cinye ta. Muka aro injin ban ruwa wajen masu lambu don mu zuƙe ruwan, sai tiyon jan ruwan ya gaza kaiwa ƙasa. Ba mu ga abin damuwa ba. Muka ɗaure injin da igiya, muka zura shi cikin rijiyar, ya yi ta ruri a ciki tun bayan la'asar.

Kafin ruwan ya ƙare rana ta yi ja. Muka kashe injin muka fito da shi.

"Malam Lukuman, ku bari sai gobe mana," in ji Malama. "Ni warin nan bai yi mini ba."

"Malama, kafin safiya ruwa ya sake tsattsafowa, aiki ya koma baya," Yaya ya amsa. "Dabo zai leƙa ya cika ɗan guga, shi ke nan."

Ya ɗaura mini igiya a ƙugu. Hannunsa ya saba, sai ya ƙulla a baya yadda tsoho yake yi. Na kunna tocila, na yi bismilla, na fara sauka ina taka ramukan bango.

Da farko ba komai. Sanyi, gansakuka, warin fetur da laka. Ina jin kajin Malama suna hawa akurki, ina jin wani yana gwada lasifikar masallaci. Can sai duk suka yi nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga.

Ƙafata ta nutse a laka. Na fara cika guga.

Kaina ya soma sarawa. Na ce yunwa ce. Bugun zuciyata ya dawo cikin kunnena, dum, dum. Na ɗaga kai, bakin rijiyar ya zama ɗan ƙarami kamar faifai.

Sai na ji numfashi.

Ba nawa ba ne. Na riƙe nawa don in tabbatar, shi kuwa ya ci gaba, a hankali, daga bayana.

Na juya. Hasken tocila ya faɗa kan wani mutum a tsugune jikin bango, gwiwoyinsa sun kai kunnensa. Laka ta rufe shi kaf. Ban ga ido ba, baki kawai na gani, a tsuke, yana hura iska zuwa goshina.

Fuu. Fuu.

Tocilata yake hurewa. Ta ƙi mutuwa.

"Ba ku yi sallama ba," ya ce cikin raɗa.

Na buɗe baki in yi addu'a, harshena ya yi nauyi kamar an jiƙa tsumma. Abin da ya fi ba ni tsoro har yau shi ne tsoron ya fara barina. Wani daɗi ya sauko mini, irin na barci bayan doguwar tafiya.

"Ka gaji. Zauna."

Na zauna.

"Igiyar nan ta matse ka. Kwance ta."

Na ga hannuwana suna laluben cikina. Ban aike su ba. Suka bi igiyar suna neman ƙulli, babu. Suka nufi baya, suka kasa kaiwa.

"Dabo!" Muryar Yaya ce daga sama, siririya. "Dabo, girgiza igiya!"

Mutumin ya matso. Na ji yatsu masu sanyi a gadon bayana, suna taɓa ƙullin.

Daga nan ban san komai ba.

Sauran a bakin Malama na ji. Da na ƙi amsawa, Yaya ya cire riga zai faɗa ya ɗauko ni. Ta sha gabansa ta riƙe shi da hannu biyu.

"Wallahi ba za ka shiga ba! Gawa biyu kake so a fitar a gidan nan? Ja igiya!"

Ta ƙwala ihu, maza masu tafiya sallah suka shigo da gudu. Suka kama igiya tare. Sun ce nauyin ya fi na mutum ɗaya, sai da na kusa bakin rijiya nauyin ya saki. Suka shimfiɗe ni a tsakar gida ana yi mini fifita, sannan aka ɗora ni a babur zuwa asibiti a Gwarzo.

Likita ya ce hayaƙin injin ne ya kwanta a ƙasan rijiyar ya kore iska, kuma shi ne ke sa mutum ganin abin da babu. Ya ce ko a ɗaki a rufe ba a kunna inji, balle a rami. Na yarda da shi, har gobe na yarda. Amma Yaya ya nuna mini igiyar. Ƙullin ya warware saura kiris, ga laka a kansa, alhali hannuna bai kai wurin ba.

Bayan na warke muka koma, da hantsi, da dogon tiyo, injin yana can waje nesa da bakin rijiya. Yaya ya goge fitilar tsoho ya zuba kananzir. Muka zura ta a hankali, mu duka har Malama muna leƙe. Ta sauka tana ci lafiya lau, har ta kusa taɓa laka.

Sai muka ji, daga can ƙasa.

Fuu.

Rijiyar ta yi duhu.

Yaya ya janyo fitilar, na naɗe igiyarmu, muka tafi gida.